Yankewar al'ada a Bukoki, da maganin da ya zo ya koma

A zamanin iyayenmu a unguwar Bukoki ta Yamai, mace in jini ya yanke mata ba ta zuwa likita. Takan yi shiru da zafin jiki da gumin dare, ta sha jiƙo da tsimi daga masu magani na kasuwar Katako, sai girma ya zo: ita ce mai wankan jego, ita ce mai sasanta ma'aurata.

Maganin Turawa kuwa tarihinsa daban. A 1942 aka fara sayar da Premarin a Amurka, sinadarin estrojin da ake tacewa daga fitsarin goɗiya mai ciki. A 1975 aka gano cewa shan sa shi kaɗai na jawo sankarar mahaifa, sai aka haɗa shi da projestin. A Yulin 2002 aka tsayar da wani babban binciken wannan haɗin magani a kan mata fiye da 16,000, don an ga ƙarin sankarar mama da daskarewar jini. Mata miliyoyi suka watsar da ƙwayoyinsu.

A nan Yamai, 'yan ƙalilan ne suka taɓa samun maganin, galibi ma'aikata. Yayata na cikinsu. Tsoro ya sa ta bari rana ɗaya, gumin ya dawo mata har barci ya gagara. Abin ya yi mini ciwo, domin daga baya an nuna haɗarin ya fi ƙanƙanta ga wadda ba ta kai shekara 60 ba. Yau in mace za ta daina shan maganin, likitoci kan bar ta ta zaɓa, ko ta tsaya gaba ɗaya ko ta rage sannu a hankali, suna duba ta.