Daga Madugu Zuwa Direban Tirela: Tarihin Sana'ar da Ke Ɗauke da Najeriya

Tun kafin a shimfiɗa kwalta a ƙasar Hausa, akwai mutanen da sana'arsu ita ce ɗaukar kaya daga inda yake da araha su kai shi inda yake da tsada. Ayarin fatake kan tashi daga Kano da jakai da takarkarai ɗauke da kanwa da fatu da tufafi, ya nufi Gwanja, ya dawo da goro bayan watanni. Ayarin yana da tsari: madugu ne shugaba, shi ke shirya da sarakunan hanya a kan kuɗin fito, jagaba ke gaba yana duba hanya, uban dawaki na kula da sha'anin tafiya da biyan kuɗi. Babu ɗayansu da ya shiga makarantar fatauci. Yaro kan fara da korar jaki da ɗebo ruwa a zango, ya shekara yana kallon yadda ake ɗaurin kaya da yadda ake magana da baƙin mutane, har wata rana a yarda ya tafi da kayan kansa. Wanda ya san wannan tsari, idan ya shiga garejin manyan motoci a yau, zai ga abubuwa da dama da ya riga ya sani.

Abin da ya fara karya ayari jirgin ƙasa ne. Layin dogo ya iso Kano a 1911, Turawan mulki suna sa ran auduga, manoma kuma suka ba su gyaɗa. 'Yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata, wanda da fataucin goro ya fara, suka koma sayen gyaɗa suna tara ta dala-dala a bakin tasha. Aikin lori a farkon zamaninsa ƙarami ne: ya kwaso buhuna daga ƙauyukan da dogo bai kai ba ya sauke a tashar jirgi. Da lori ya fara ƙarfi har yana bin hanyoyin da ke kusa da layin dogo, sai gwamnatin mulkin mallaka, wadda ita ce mai jirgin, ta ga ana rage mata ciniki, ta ninka wa irin waɗannan motoci kuɗin lasisi. Masu motocin haya a Kudu suka yi yajin aiki a 1937 a kan haka. A wannan zamani ne kuma sufuri ya fara fitar da attajirai. Louis Odumegwu Ojukwu, mahaifin jagoran Biyafara, da loruka ya kafa arzikinsa.

Motar wancan lokaci, Bedford ko Austin, daga baya Mercedes 911, kafinta ne ke haɗa mata bodin katako. Kaya a ƙasa, fasinja a kan benci ko a kan buhuna, a goshinta an rubuta wata magana ta tawakkali. Direbanta kuwa babban mutum ne. Shi ya ga Ikko, ya ga teku, shi ke kawo labari da sabon yayi, kuma ya iya sarrafa ƙarfen da sarkin garin ma bai iya ba. Mamman Shata ya wasa direbobi kamar yadda ya wasa masu sarauta. Ɗan Maraya Jos kuwa ya waiwayi na ƙasa da direba, ya yi "Waƙar Karen Mota", wadda tana cikin waƙoƙin da suka fara fito da sunansa. Sunan kansa ya isa shaida a kan matsayin wannan yaro a idon jama'a. Shi ne kuma makarantar tuƙin da ta yaye mafi yawan direbobin da suka riƙe manyan hanyoyin ƙasar nan.

Ya kamata a tsaya a kan wannan makaranta, domin waɗanda suka yi boko sukan raina ta ba tare da sun san abin da ake koyarwa a cikinta ba. Yaron mota yakan fara da wankin mota, da ɗaura tampol, da gadin kaya da dare yayin da maigida ke barci. Idan an tsaya a hawa, shi zai yi tsalle ya sa waigi a bayan taya. Sannu a hankali zai koyi cire taya da faci, duba mai da ruwa, matse birki, gane ciwon inji daga ƙararsa. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai a ba shi makulli ya ɗumama mota da asuba, sa'an nan ya gyara mata tsayuwa a gareji, sa'an nan wata rana a miƙa masa sitiyari a miƙaƙƙiyar hanya, mota ba lodi, maigida na gefe yana kallo. Kafin a yaye shi ya san kowane rami da kowace kwana tsakanin Kano da Legas, ya san garin da ba a kwana da shingen da ba a gardama. Direban da ya fito ta wannan hanya zai iya kwance abin da ya lalace a tsakiyar daji ya ɗaura, abin da takwaransa na Turai sai dai ya kira a zo a ja shi.

Raunin makarantar shi ne ba ta da manhaja sai halin maigida. Idan mai natsuwa ne, yaron zai gaji natsuwa. Idan mai sakin mota ce a gangara ba giya don ya rage shan mai, yaron zai ɗauka haka ake tuƙi. Kuma akwai ilimin da kallo kaɗai ba ya bayarwa. Birkin babbar mota da iska yake aiki, idan aka yi ta danna shi a doguwar gangara sai ya yi zafi ya daina kamawa, shi ya sa ake saukowa da ƙaramar giya. Abin da jaridu ke kira "shanyewar birki" sau da yawa wannan ne, ko kuma rashin gyara. Nisan da mota ke buƙata kafin ta tsaya ba ya tafiya daidai da gudu: idan gudun ya ninka biyu, nisan yakan ninka kusan huɗu. Tanka kuma tana da nata sha'ani, domin ruwa ne a cikinta, yana tunkuɗo ta gaba idan an taka birki, yana jingina gefe guda a kwana. Tsarin koyon da aka gina a kan lorin tan biyar mai tafiyar hawainiya shi aka ɗora wa motar da nauyinta ya ninka wancan sau da yawa, ba a ƙara masa komai ba.

Yadda aka kai ga haka labarin shekarun 1970 ne. Kuɗin man fetur ya shigo, gwamnati ta zuba shi a tituna, jirgin ƙasa ya shiga ciwon da bai warke ba. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama kamar maƙwabtanta. Aka kafa masana'antun harhaɗa manyan motoci: Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Mercedes a Enugu. Galibinsu ba su jure faɗuwar naira ba, sai kasuwa ta koma hannun tsofaffin DAF da MAN da Mack da aka gama yayinsu a Turai da Amurka, daga baya kuma Howo ta China ta cika hanya. Siminti, taki, hatsi, shanu, kwantena, duk abin da a da ke bin dogo ya hau kwalta.

Na man fetur ya fi ban takaici, domin an yi masa tanadi. An shimfiɗa bututu daga matatu zuwa defo-defo a faɗin ƙasa, aka buɗe matatar Kaduna a 1980, da nufin tanka ta ɗauki mai daga defo mafi kusa ta kai gidan mai kawai. An kuma kafa asusun daidaita farashin mai a 1975, wanda a da yake biyan kuɗin jigila don lita ta zama kuɗi ɗaya a Legas da Maiduguri. Da matatu suka tsaya, ɓarayi suka huda bututu, sai abin da aka tanada don cike gurbi ya zama shi ne tsarin: tanka ta yi lodi a bakin teku ta yi tafiyar kilomita dubu ko fiye. Tunda kuɗin jigila da lita ake lissafa shi, tankokin suka yi ta girma, daga lita 33,000 zuwa 45,000 har 60,000. Fetur lita 60,000 ya haura tan 40, ban da nauyin motar. Tun gwajin da injiniyoyin Amurka suka yi a ƙarshen shekarun 1950 aka san cewa idan nauyin da ke kan gatarin taya ya ninka biyu, ɓarnar da yake wa titi takan ninka kusan sha shida. Lodin da ya wuce kima shi ke haƙa ramin, ramin kuma shi ke kayar da motar.

Rayuwar direba a cikin wannan tsari ba ta da agogo. Akasari da yawan zuwa da dawowa ake samu, don haka barci asara ne. Kuɗin hanya da mai mota ya bayar daga ciki za a sha mai, a ci abinci, a sallami masu shinge, na gwamnati da waɗanda suka naɗa kansu; abin da ya rage shi ne ribar direba. A shekarun da cunkoson Apapa ya yi ƙamari, direba kan yi makonni a layi yana kwana a ƙarƙashin mota kafin ya shiga tashar jiragen ruwa, sa'an nan a ce ya kama hanya a daren. Mai ɗauke da tumatir zuwa kasuwar Mile 12 yana tsere da ruɓewa, mai ɗauke da shanu daga Potiskum ko Maigatari yana tsere da mutuwar dabba, a saman motar kuma ga mutane zaune a kan katako. Goro da shayi sun daɗe suna riƙe ido. A 'yan shekarun nan wasu sun ƙara da tiramadol. Tafa da Mararrabar Jos da Ogere su ne zangunan wannan zamani, garuruwan da suka rayu da tsayuwar manyan motoci, sai dai babu wanda ya tsara su, shi ya sa kafaɗar titi ta zama wurin kwana. Jama'a ba su cika tuna wannan aiki ba sai ya tsaya. A farkon 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, dillalan abinci da shanu sun hana kaya sauka Kudu na 'yan kwanaki, nan da nan tumatir da nama suka yi tsada a Legas, a Arewa kuma kwanduna suka ruɓe a hannun manoma.

Hukuma ta biyo baya a makare. Ƙungiyar direbobi ta NURTW ta samu ne a 1978, lokacin da gwamnatin soja ta sake fasalin ƙungiyoyin ƙwadago, kuma ƙarfinta ya fi tafiya ga tasha da kuɗin lodi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, sai a Fabrairun 1988 aka kafa ta, zamanin Janar Babangida, Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Ta yi abubuwan kirki: ta haɗa lasisin tuƙi ya zama na bai-ɗaya, ta sa sharaɗin bi ta makarantar tuƙi mai rajista, ta fara tilasta na'urar ƙayyade gudu a motocin haya a 2017. Amma makarantar da ke koyar da ƙaramar mota a fili ba ta da alaƙa da tirela mai lodi, kuma kowa ya san takarda kan samu ba tare da an zauna a sitiyari ba.

Wasu ƙasashe sun bi ta irin wannan hanya kafin su gyara. A Amurka, har tsakiyar shekarun 1980 akwai jihohin da lasisin ƙaramar mota ya isa mutum ya ja tirela, wasu direbobi kuma na riƙe da lasisin jihohi da yawa don ɓoye laifuffukansu. Dokar 1986 ce ta kawo lasisi guda na manyan motoci. Yau direba a can ba ya wuce awa 11 yana tuƙi sai ya huta awa 10, tun ƙarshen 2017 na'ura ce ke rubuta lokacin, kuma sai a Fabrairun 2022 aka wajabta horo mai manhaja ga sabon shiga. A Tarayyar Turai awa 9 ne a yini, da hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi. Abin lura a nan, dokokin sun fi auna gajiya da horo, sun kuma ɗora alhaki a wuyan mai mota tare da direba. Namu sun fi auna takardu a bakin shinge.

Daren 15 ga Oktoba 2024 wata tanka da ta taso daga Kano ta kife a Majiya, ƙaramar hukumar Taura a Jigawa. Mutane suka fito da bokitai, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Ranar 18 ga Janairu 2025 aka maimaita a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, aka rasa sama da 80. An yi ta zargin masu kwasar ganima, kuma akwai gaskiya a ciki, ko da yake tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 jarkar fetur ta zama dukiya a gidan talaka. Gwamnati ta hana lodin tankoki masu lita 60,000 daga 1 ga Maris 2025. Mataki ne mai ma'ana, domin ya rage nauyi a kan birki da titi. Sai dai mai ɗin da ake sha bai ragu ba, don haka rage girman tanka na nufin ƙarin sawu da ƙarin direbobi. Waɗannan direbobi suna nan yanzu haka a gareji-gareji, 'yan shekara sha bakwai ko ashirin, suna wankin mota da sa waigi, kuma har yau babu dokar da ke aiki a kan hanya wadda ke tambayar wa ke koya musu, ko awa nawa maigidansu ya yi barci kafin ya miƙa musu sitiyari.