Kilomita Biyar da Ciwon da Ba a Jin Ƙararsa

A shekarar 1889 Turawan Faransa suka kafa sansani a gaɓar kogin Ubangi, wanda daga bisani ya zama birnin Bangui. Da garin ya bunƙasa, sai fatake suka riƙa gangarowa daga arewa da yamma, Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Cadi, suka yada zango a bayan gari, kimanin kilomita biyar daga tsakiyar birni. Daga wannan tazara unguwar ta samo sunanta, Kilomita Biyar, ko PK5 a rubutun hukuma. Bayan Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta sami 'yancin kai ran 13 ga Agusta 1960, kasuwar unguwar ta ci gaba da haɓaka har ta zama cibiyar cinikin ƙasar, inda ake sauke kayan da manyan motoci ke ɗaukowa daga tashar jiragen ruwa ta Duwala a Kamaru.

Zaman birni ya sauya jikin mutane sannu a hankali, ta yadda ba wanda ya lura. Kakan da ya rayu yana bin ayari a ƙasa ya bar jikan da ke wuni zaune a rumfa, daga asuba zuwa magariba, da kofin shayi mai kaurin suga a gefensa, ga farar shinkafa da burodi da dunƙulen miya mai gishiri sun samu wurin zama a kowane gida. Ƙiba kuwa a idon jama'a alamar hutu ce da wadata. Su kuma asibitocin ƙasar an tsara su ne don yaƙi da cututtukan da ake ɗauka, wato zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da ciwon barci, daga baya kuma ƙanjamau. Hatta cibiyar bincike ta Pasteur da aka buɗe a Bangui a 1961 a kan irin waɗannan ta mayar da hankali. Saboda haka idan dattijo ya yanke jiki ya faɗi a kan buzun salla, ɓarin jikinsa ya shanye, sai a ce iska ce ta buge shi, ba a kawo hawan jini a zancen ba, domin ba a taɓa auna shi ba.

A watan Afrilu na 2011 ministocin lafiya na Afirka suka hallara a Brazzaville, suka amince cewa hawan jini da ciwon suga da ciwon daji da cututtukan numfashi sun zama babbar barazana ga nahiyar, sa'an nan a watan Satumba Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi zama na musamman a kan batun a New York. Da an samu zaman lafiya, da wataƙila wannan ya zama mafarin gyara. To amma ran 24 ga Maris 2013 'yan tawayen Seleka, waɗanda akasarinsu Musulmi ne, suka ƙwace Bangui, Shugaba François Bozizé ya gudu, Michel Djotodia ya hau mulki. Ran 5 ga Disamba mayaƙan anti-balaka, abokan gabar Seleka, suka afka wa birnin, kuma bayan Djotodia ya sauka a Janairu 2014, ramuwar gayya ta faɗa kan Musulmi. Daga Musulmi fiye da dubu 100 da ke birnin, waɗanda suka saura an ƙiyasta ba su wuce dubu 15 ba, akasarinsu a ƙuntace cikin Kilomita Biyar, kewaye da babban masallaci.

A nan ne ya kamata mai karatu ya dakata. Manyan asibitocin Bangui duk suna wajen unguwar, kuma a wancan lokaci tsallake iyakarta kasada ce da rai. Wanda harsashi ya sama, kowa ya ga jininsa, ana iya ɗaukarsa da rakiyar sojojin kiyaye zaman lafiya. Amma mai ciwon suga da ke yi wa kansa allurar insulin safe da yamma, wace rakiya za a ba shi? Maganin yana son sanyi, wutar da ake jawowa daga Boali kuwa ba ta zama, sai dai a naɗe 'yar kwalbar a tsumma mai laima a ajiye ta gindin randa. Ran da ta ƙare, sai ƙishirwa ta tsananta, fitsari ya yawaita, ɗan miki a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa. Mai hawan jini shi kuma ya raba ƙwaya biyu don ta kai shi mako, alhali fargaba da rashin barci suna ƙara hura masa ciwon.

Ƙungiyoyin agaji sun shigo, kuma ba za a manta da alherinsu ba. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun yi aiki a cibiyar lafiya ta Mamadou M'Baïki, suka kuma kula da masu haihuwa a Gbaya Dombia, duk a cikin unguwar. Sai dai agajin gaggawa, bisa yadda aka gina shi, rauni da naƙuda da zazzaɓin yara yake fara dubawa, ciwon da ke neman magani har ƙarshen rayuwa kuwa yakan zo a baya. A ganina wannan shi ne babban giɓin da yaƙin ya bari a tarihin unguwar: an ƙirga waɗanda makami ya kashe, waɗanda yankewar magani ta kashe kuwa aka binne su a matsayin masu ajalin gida.

Ran 30 ga Nuwamba 2015 Fafaroma Francis ya shiga babban masallacin unguwar, kuma a Fabrairu 2016 aka ƙulla yarjejeniya da mutanen unguwar Boeing, wadda ta sake buɗe wa Musulmi hanyar maƙabartarsu. Duk da haka ƙura ba ta lafa ba, don an sake gwabzawa a Afrilu 2018, sa'an nan a Disamba 2019 'yan kasuwa suka yi fito-na-fito da 'yan bindigar da ke karɓar haraji a hannunsu. A ƙarshen 2020 'yan tawaye suka datse hanyar Kamaru, ɗaruruwan motoci suka yi makonni a garin Garoua-Boulaï na kan iyaka. Ƙasar ba ta da teku, kusan duk ƙwayar magani ta wannan hanya take shigowa.

A 2021 Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta cewa manya miliyan 24 ke da ciwon a yankin Afirka, fiye da rabinsu ba su sani ba, kuma adadin zai iya kai miliyan 55 a 2045. A Agusta 2022 ministocin lafiya suka sake zama a Lome, suka amince a sauko da kula da irin waɗannan cututtuka zuwa asibitocin gundumomi. Yanzu da kasuwar Kilomita Biyar ta sake cika, kirana ga limamai da shugabannin 'yan kasuwar unguwar shi ne su sa a riƙa auna jini da suga a harabar masallatai bayan sallar Juma'a, su kuma nemi hukuma ta ajiye maganin wata da watanni a cikin unguwar kanta.