Gawakuke: ina sunayen dakarun da suka faɗi?

A garin Gettysburg na Amurka, inda aka gwabza na kwana 3 a watan Yulin 1863 lokacin yaƙin basasarsu, akwai duwatsun tunawa fiye da 1,300. Da yawansu na rundunonin sojan ƙasa ne. Waɗanda suka tsira ne suka koma bayan shekaru, suka nuna inda suka ja daga, aka kafa dutse aka rubuta sunan runduna da yawan mamatanta. Na nuna wa ɗalibaina hoton wurin, sai wata yarinya ta ce, "Malam, mu ba a yi yaƙi a nan ba ne?"

An yi, kuma shi ya haifi Tsibirin Gobir da ke cikin gundumarmu ta Gidan Rumji.

Wasu ba sa son a kira shi yaƙin cikin gida. Ni dai na san Shehu Usmanu a ƙasar Gobir yake zaune, a Degel, kafin hijirarsa ta 1804, kuma Hausawa da Fulani sun kasance a kowane ɓangare. A Tabkin Kwatto, cikin wannan shekarar, jama'ar Shehu dawakansu kaɗan ne. Ƴan baka masu tafiya a ƙasa su suka karya baraden Sarkin Gobir Yunfa. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Yunfa ya mutu a can, amma Gobirawa ba su ajiye makami ba. A 1836 Sarkin Gobir Ali da Rauda na Maraɗi da Ibra na Abzinawa suka haɗa kai, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gamu da su a Gawakuke. Ali da Rauda suka kwanta dama, Ibra ya tsere. Bayan wannan asara ne Mayaƙi ya tattara sauran Gobirawa ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi.

To, me muka ajiye? Mun ajiye sarakuna. Kabarin Bello yana Wurno, na Atiku, wanda ya rasu a 1842 bayan yaƙinsa da Tsibiri, yana Katuru. Maroƙa da makaɗan fada suna riƙe da jerin sarakunan Gobir da kirarinsu. Amma manomin da aka ɗauko daga ƙauye da kwari da baka, wanda ya rigayi doki shan kibiya, ba dutsen da ke ɗauke da sunansa, ko ma sunan garinsu.

Na san abin da dattawa za su ce: mutum-mutumi da gini a kan kabari ba namu ba ne. Na yarda. Allon siminti mai shekara da sunayen garuruwan da suka ba da ƴaƴansu ai ba gunki ba ne. Abin da ya fi wuya shi ne lafazin da za a rubuta, domin wanda littafin Sakkwato ya kira ɗan tawaye, a Tsibiri kakan wani ne da ya tsare gidansu. Amurkawa ma har yau suna jayayya a kan gumakan mutanen Kudu.

Kafin a kai ga allo, akwai aikin da ba ya cin ko dala. Hutun nan na ba kowane ɗalibi aikin gida: ya tambayi tsohon gidansu daga ina kakanninsu suka taso, wane sarki suka bi, da doki ko da ƙafa. Iyaye, in yaro ya zo da littafinsa, don Allah a zauna da shi.