Kifin Da Ya Kuɓuce Da Wanda Ya Shiga Jirgi

Yau hirar tamu ta kifi ce, amma ba na miya ba, don haka kowa ta ajiye ludayinta ta matso kusa.

Ina da wata gwaggo, Allah Ya ji ƙanta, wadda tun muna yara ba ta da labarin da ya wuce na wani bafatake mai goro da ya nemi aurenta, iyaye suka hana, suka ba wa wani tela. Lokacin da na fara jin labarin, keke gare shi sabo fil. Da na shiga sakandare sai na ji ashe babur ne. Kafin a yi mini aure mutumin nan ya mallaki manyan motoci biyu da gidan bene, alhali kuwa Gwaggo ba ta sake sa shi a ido ba tun ranar da aka kai ta ɗakinta. Duk ranar da cefane ya yi ƙaranci sai ta ja tsaki ta ce, "Ni da wane na aura, ai da yanzu na gaji da zuwa Makka." Baba tela yana zaure yana taka kekensa, yana ji, ba ya cewa uffan.

Ban gane irin ciwon Gwaggo ba sai da na karanta tarihin masu fatsa na ƙasar Sikotlan, can arewacin Birtaniya. Ashe su ma suna fama da shi, har ya zama abin tsokana a tsakaninsu, don kowane mai fatsa yana da labarin wani ƙaton kifi da ya kuɓuce masa, kuma kifin nan kullum ƙara girma yake yi a baki.

Su fatsarsu ba ta neman abinci ba ce, wasa ne na masu hali. An yanka kogunansu kashi-kashi, kowane yanki da mai shi, sai mutum ya biya kuɗi mai tsoka kafin a bar shi ya jefa ƙugiya. Kifin da suka fi so shi ne wanda ake kira salmon. Shi wannan kifi abin al'ajabi ne. A cikin tsakuwar rafi ake ƙyanƙyashe shi, in ya yi 'yan shekaru ya tasa sai ya gangara teku, ya yi tafiya mai nisa har wajen gaɓar Girinlan, ya ci ya yi ƙiba. In lokacin haihuwa ya yi sai ya juyo, ya bi ƙanshin ruwan da aka haife shi, yana tsallake duwatsu da gangaren ruwa, har ya iso rafinsu na asali. Wani abin mamaki kuma, daga ya shigo kogi ya daina cin abinci ke nan, da kitsen jikinsa yake rayuwa. To ki duba wahalar yaudarar wanda ba ya jin yunwa ya haɗiyi ƙugiya. Shi ya sa mutum kan kwana bakwai yana jifa bai samu ko motsi ba.

Kogin da ya fi kowanne tsawo a ƙasar shi ne Tay, wajen mil 120. A kansa aka yi labarai biyu da nake so in ba ku, tsakaninsu shekara 54.

Na farko na wani malamin coci ne mai suna George Forrest Browne. A shekarar 1868 ya fita fatsa cikin ɗan kwale-kwale shi da matuƙinsa, a daidai inda kogin Earn ya haɗu da Tay, inda ruwan teku ke shigowa yana komawa. Da rana tsaka wani abu ya cafke ƙugiyarsa. Tun daga fizgar farko suka san ba ƙaramin kifi ba ne. Zaren fatsa kuwa siriri ne, in ka ja da ƙarfi ya tsinke, in ka saki da yawa kifi ya zare ƙugiya ya yi gaba. Dabarar ita ce ka bar shi ya gudu, ka naɗe kaɗan, ya sake gudu, har ya gaji. To wannan ya ƙi gajiya. La'asar ta yi, magariba ta faɗi, dare ya yi, ga sanyi, ga yunwa, kifi yana jan su sama da ƙasa kamar raƙumi da akala. Wajen awa goma ana abu ɗaya. Can cikin duhu, sa'ad da suke ganin an kusa, sai zare ya yi sako-sako. Shi ke nan, kifi ya tafi.

Browne ya rubuta labarin wannan dare da hannunsa, har yau masu fatsa suna karantawa. Ya ce daga baya masu jan taru sun kama wani ƙato a yankin mai nauyin laba 70 da wani abu, da tabon ƙugiya a bakinsa, shi kuma ya yi imani nasa ne. Mai yiwuwa haka ne. Amma dai ba shi ya ɗora shi a kan sikeli ba, don haka a littafin gwanaye babu sunansa.

Na biyu kuwa na mace ce 'yar'uwarmu, Georgina Ballantine. An haife ta a 1889 a wani ƙauye mai suna Caputh a bakin kogin Tay. Ba 'yar masu kuɗi ba ce. Mahaifinta James shi ne mai kula da fatsa a yankin kogin da ake kira Glendelvine, wato bara ne na mai ƙasar, Sir Alexander Lyle. Ita kuma aikin jinya ta yi, har ta yi jinyar sojoji a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Tun tana ƙarama take bin uban nata kogi, a nan ta koyi riƙon sanda.

Ranar Asabar 7 ga Oktoba, 1922, mai ƙasar bai samu fita ba, sai aka ba ta dama. Tana da shekara 32. Kafin yamma ta kama guda uku, mai laba 17, da mai 21, da mai 25. Da ni ce wallahi da na naɗe kayana na tafi gida na kwanta. Matuƙin jirgin ma ya tashi daga aiki ya tafi. Amma da suka sha shayi sai ita da tsohon suka ce bari su ɗan ƙara zagaye ɗaya kafin duhu, shi yana tuƙi, ita tana riƙe da sanda, an maƙala ɗan ƙaramin kifi a ƙugiya.

Ƙarfe shida da kwata, sai ji ta yi an fizge ta kamar za a tumɓuke mata kafaɗa. Kifi ya kwashi zare ya miƙa gangare, jirgi na biye da shi. Ya nufi gadar Caputh, ya ratsa tsakanin ginshiƙanta, wanda da zaren ya gogi dutse ko sau ɗaya da magana ta ƙare. Tsoho ya yi ta fama da filafili har suka wuce lafiya. Duhu ya rufe, ba su ganin kifin, sai dai nauyinsa da take ji a hannu. Can ya nutse ƙasa ya lafe, ya ƙi motsi, kamar an ɗaura zaren a jikin kututture.

A nan ne abin da ya fi taɓa mini zuciya yake. Hannuwanta sun yi tsami, jikinta na rawa, ga ubanta kusa da ita, gwanin da ya ƙare rayuwarsa a kan wannan ruwa. Bai karɓi sandar ba. A ƙa'idarsu, wanda kifi ya kama wa ƙugiya shi zai gama da shi, in wani ya sa hannu to ba naka ba ne kuma. Tsohon nan ya riƙe mata jirgi, yana gaya mata inda za ta ja da inda za ta sassauta, amma sanda tana hannunta. Ita da kanta ta ba da labarin cewa a tsakiyar wahalar ta ce da shi ai wannan aiki ya isa a saya mata sabuwar riga, shi kuwa ya ce ta fara fito da kifin tukuna, sannan a yi zancen riga. Kun ji fa, mu mata ko a bakin mutuwa ba ma mantawa da ɗinki!

Bayan awa biyu da minti biyar kifi ya gaji, ta jawo shi gefen jirgi a hankali, uban ya sa doguwar ƙugiyar ƙarfe ya cakumo shi ciki. Sai da maza biyu suka rataya shi a sanda suka ɗauka. Da aka ɗora a sikeli, laba 64, wato kilo 29, ya fi rabin babban buhun shinkafa. Tsawonsa inci 54, ƙafa huɗu da rabi ke nan, kaurinsa inci 28 da rabi. Aka kai shi birnin Perth, aka ajiye a tagar kantin Malloch mai sayar da kayan fatsa, jama'a suka yi ta tururuwar kallo. Aka zuba siffarsa don tarihi, naman kuma aka kai babban asibitin Perth, majinyata da ma'aikata suka ci. Tun daga ranar har yau, shekara ɗari da ɗoriya, ba a samu wanda ya kama salmon da sandar fatsa a duk Birtaniya aka auna ya fi nata ba, namiji ko mace.

Kada ku ce sa'a ce ta mutum ɗaya. A watan Maris na 1923 wata budurwa, Doreen Davey, ta kama mai laba 59 da rabi a kogin Wye. A Oktoban 1924 kuma Clementina Morison ta fito da mai laba 61 daga kogin Deveron. Mazan ƙasar sun daɗe suna neman dalili, har wasu suka ce wai ƙanshin jikin mace ne ke jawo kifin. Ni dai nawa ganin, wadda ta saba goyon ciki wata tara, ta saba jiran wake ya nuna, ba ta gaggawar fizgar zare.

Georgina ba ta ƙare da sauƙi ba. Ciwon gaɓoɓi ya kama ta har sai da aka yanke mata ƙafafu biyu. Ta ci gaba da zama a ɗan gidanta kusa da gadar nan, masu fatsa suna zuwa gaishe ta, har ta rasu a 1970 tana da shekara 80. Abin da ta kama ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, laba 64 ne jiya, laba 64 ne yau, ba ta bukatar ta yi rantsuwa a kai.

Shi ma Browne, don Allah ku lura, bai zauna bakin kogi yana kukan kifinsa ba. Ya ba da labarin, ya wuce. Ya zama shehun malami a jami'ar Cambridge, a 1897 aka naɗa shi bishop na birnin Bristol, bai mutu ba sai 1930, ya ga zamanin da 'yar bara ta yi abin da ya gagare shi a kogi guda. Ashe ba laifi ba ne mutum ya tuna abin da ya kuɓuce masa. Laifin shi ne ya tare a wurin da kayansa.

Yanzu ma zamani ya juya. Salmon ya yi ƙaranci ƙwarai a kogunan Birtaniya, saboda ɗumamar ruwa, da madatsu da ke tare masa hanya, da ƙazantar da ake zubawa, da cututtukan gonakin kifi. A Disamban 2023 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta sa na Birtaniya cikin waɗanda ke fuskantar barazanar ƙarewa. A Sikotlan yanzu fiye da tara cikin kowane goma da aka kama da sanda, cire ƙugiya ake yi a mayar da shi ruwa ya je ya haihu. A 2007 an kama wani ƙato a kogin Ness da aka yi ta cewa ya kai na Georgina, amma ba su da sikelin da zai ɗauke shi a wurin, suka ɗauki hoto suka sake shi. Wato akwai abin da mutum kan saki da hannunsa don ya san sakin ne alheri, kuma ba ya ciza yatsa a kai.

To 'yar'uwa, ke wane kifi kike kiwo a bakinki? Wata saurayin da ya tafi ne, wata karatun da aka katse mata, wata jarin da ya karye. Na san da zafi, ba na raina hawayen kowa. Amma ki sani abin da ba a ɗora a sikeli ba, zuciya ce ke auna shi, ita kuwa zuciya mudunta ba ya cika. Bafataken Gwaggo bai taɓa yi mata tsawa ba, bai taɓa hana ta kuɗin cefane ba, bai yi mata kishiya ba, don kuwa ba ta zauna da shi ko kwana ɗaya ba. Baba tela shi ne ya ciyar da ita shekara arba'in da ɗinkin hula da kaftani, ya aurar da 'ya'yanta biyar. Ranar da aka fita da gawarsa, ina tsaye ta dafa keken ɗinkin nan ta ce da ni, "'Yar nan, ban taɓa ce masa an gode ba." Daga ranar ban ƙara jin sunan mai goro a bakinta ba, sai dai an makara. Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma da na sani ƙeya ce.

Ku kuma iyaye mata, ku ɗauki darasin tsoho James. In 'yarki tana fama da sandarta, ko karatu ne, ko sana'a, ko zaman gidanta, ki riƙe mata jirgi, ki nuna mata inda dutse yake. In kin ga ruwa zai ci ta, cuta ko zalunci, to ki tsamo ta ba tare da jinkiri ba. Amma in gajiya ce kawai, kada ki karɓe mata sandar, don abin da ta fitar da hannunta shi ne nata.

Allah Ya ba mu haƙurin riƙe abin da ke hannunmu, Ya sanyaya mana zuciya a kan abin da ya wuce, Ya ji ƙan Gwaggo da Baba tela. Amin summa amin.