Haɗin magani

Haɗin magani, ko haɗi a taƙaice, ɗabi'a ce ta shan magunguna biyu ko fiye a lokaci guda ba tare da umarnin likita ba. Galibi mutum yakan samu shawarar ne daga aboki, maƙwabci ko mai kemis. Ɗabi'ar ta yaɗu a birane da ƙauyukan ƙasar Hausa, musamman a garuruwa irin su Kademi da ke ƙaramar hukumar Gaya da ƙauyukan Ajingi a gabashin jihar Kano, inda kemis ya fi babban asibiti kusa da jama'a. Babbar matsalar haɗi ita ce mai shan sa sau da yawa bai san sunan abin da ya haɗiya ba, balle yawansa.

Yadda ake yi

Shawarar takan fara ne a majalisa, a teburin mai shayi ko a gidan biki. Wani zai yi kukan ciwon jiki ko zazzaɓi, sai abokinsa ya gaya masa abin da ya sha ya ji sauƙi, da ƙwaya nawa, da sau nawa a rana. Wani lokaci ma ragowar maganinsa zai miƙa masa. A kemis kuwa mutum yakan faɗi abin da ke damunsa da kuɗin da ke hannunsa, ya ce a haɗa masa. Mai kemis zai ɓallo ƙwayoyi daga kati daban-daban ya ƙulla a leda ko takarda, babu suna, babu ranar lalacewa. Akan kira su da launi, kamar ja da yalo, ko fari ƙarami. Dalilan da ke sa mutane yin haka sun haɗa da kuɗin mota zuwa asibiti, dogon layi, da yarda da wanda aka sani.

Illoli

Adadin magani yana bambanta gwargwadon shekaru, nauyin jiki, juna biyu, da lafiyar hanta da ƙoda. Saboda haka abin da ya yi wa aboki daidai yana iya cutar da wani.

Farasitamol: babban mutum mai lafiya ba ya wuce giram 4 a awa 24, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500. Magungunan mura da yawa suna ɗauke da farasitamol a ciki, don haka mai haɗa su da Panadol yana iya zarce ƙa'ida bai sani ba. Yawansa yana lalata hanta, kuma alamun ba sa bayyana sosai a ranar farko.

Ibuprofen da diclofenac da asfirin dangi ɗaya ne. Haɗa su yana ƙara haɗarin gyambon ciki, zubar jini a ciki da ciwon ƙoda. Ba a ba yara 'yan ƙasa da shekara 16 asfirin sai da umarnin likita.

Tramadol da kodin da diazepam duk suna rage ƙarfin numfashi. Haɗa su yana iya kai mutum ga suma ko mutuwa. Tramadol mai yawa kuma yana kawo farfaɗiya.

Ciprofloxacin da tetracycline ba sa shiga jiki yadda ya kamata idan aka sha su da madara, nono ko maganin ƙwannafi. Rifampicin, maganin tarin fuka, yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa.

Maganin zazzaɓin cizon sauro na artemether-lumefantrine ana shan sa sau shida a cikin kwana uku. Mai shan rabi ya ba abokinsa rabi bai kashe cutar ba, kuma irin haka yana taimaka wa ƙwayoyin cuta su bijire wa magani. Haka lamarin yake ga magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su amoxicillin.

Doka da hukumomi

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa magunguna rajista a Najeriya. Majalisar kula da harkar harhaɗa magunguna, PCN, ita ke ba masu kemis lasisi. Lasisin ƙaramin kemis ya taƙaita ne ga magungunan da ba sa buƙatar takardar likita, kuma ana so a sayar da su cikin kwalinsu na asali. Hukumar NDLEA, da aka kafa a 1989, tana yaƙi da ta'ammali da miyagun ƙwayoyi.

A ranar 1 ga Mayu, 2018, Ministan Lafiya Isaac Adewole ya sanar da hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani binciken BBC da ya nuna yadda matasa ke shan sa, har da a Kano. Binciken ƙasa da aka yi tare da ofishin UNODC na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya cikin shekara guda. A 2024 hukumomi sun rufe shagunan dillalan magani na Sabon Gari a Kano domin su koma sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro da ke kan hanyar Zariya.

Kariya

Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a sayi magani cikin katinsa, a duba sunansa da lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Mai zuwa asibiti ya tafi da duk abin da yake sha, har da na gargajiya, ya nuna wa likita ko masanin magunguna. Ana so a yi gwajin jini kafin shan maganin zazzaɓin cizon sauro. Mai juna biyu, mai shayarwa, mai hawan jini da mai ciwon suga su tambayi ma'aikacin lafiya kafin su ƙara wani magani. Idan mutum ya sha haɗi sai aka ga kumburin fuska, wahalar numfashi, aman jini, baƙin bayan gida ko barcin da ba ya tashi, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Gaya, tare da ragowar ƙwayoyin domin a gane abin da ya sha.