Laso da Sumunti: Tarihin Gyaran Tsofaffin Gine-gine a Birnin Kudu da Gwaram

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba yadda kayan gyaran gini suka sake a Birnin Kudu da Gwaram, da abin da hakan ya jawo wa tsofaffin soraye. Garuruwan biyu suna ƙarƙashin Jihar Kano har zuwa 1991, sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Suna kudancin jihar, inda ruwan sama ya fi yawa, saboda haka yaɓe babban al'amari ne ga maginansu.

Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, maginan ƙasar suna gini da tubali, su yaɓe bango da ƙasa haɗe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Rufin soro kuwa laso ake shafa masa, wato haɗin katsi na karofi da gashin jima da dafara. Ashe ke nan aikin magini ya rataya ga na marini da na majemi.

Sumunti baƙo ne. Joseph Aspdin ya yi rajistarsa a Ingila a 1824. An buɗe masana'antarsa a Nkalagu a 1957, sannan Sakkwato a 1967, da Ashaka a 1979. Yayin da ya wadata, karofi na ta mutuwa, katsi ya yi wuya, magina suka koma ga buhu.

To, amma sumunti ya fi tubali tauri, kuma ba ya barin laima ta fita da sauƙi. Idan ya tsage, ruwa ya shiga, sai ƙasar ta jiƙe a ɓoye, yaɓen ya ɓamɓare, wani lokaci bango ya bi shi. Turawa ma sun ga haka a tsofaffin gidajensu na jan bulo da aka ɗaura da kwaɓin farar ƙasa: inda aka cike tsakanin bulo da sumunti, bulon ne ke marmashewa. Yarjejeniyar Banis ta 1964 ta ba dabarun gargajiya fifiko wajen gyaran gine-ginen tarihi.

Ra'ayinmu shi ne kada abin gyara ya fi bangon da ake gyarawa tauri. Don haka muna kira ga jami'o'inmu da su tura ɗalibai wurin dattawan magina na garuruwan nan, a rubuta yadda ake haɗa laso da makuba tun masu sanin suna raye.