Wace zuciya ce, kuma tun yaushe? Magani a sabuwar rikicewar bugun zuciya

Idan aka kawo mutum ɗakin gaggawa zuciyarsa na bugawa barkatai, gwajin lantarkin zuciya kuma ya nuna ɗakunanta biyu na sama sun daina matsawa sai karkarwa, abin da ke fara zuwa ran likita shi ne ya dawo da bugun kan hanya nan take. Idan jini ya faɗi, ko huhu ya cika da ruwa, ko ƙirji na ciwo, babu gardama: a sa masa barci a buga masa lantarki. Muhawarar tana kan wanda jikinsa bai tsananta ba. A ganina saurin magani shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba a kansa.

A binciken RAFF2 na Kanada, wanda mujallar Lancet ta buga a 2020, ƙarin ruwan procainamide kaɗai ya daidaita bugun kusan rabin marasa lafiya, aka ƙarasa mafi yawan sauran da lantarki. Magani yana aiki ke nan. Sai dai shekara guda kafin haka binciken RACE 7 na ƙasar Holan ya nuna cewa waɗanda aka rage wa gudun zuciya kawai aka jira, kashi 69 cikin ɗari sun daidaita da kansu cikin awa 48, kuma bayan mako huɗu kusan babu bambanci tsakaninsu da waɗanda aka yi wa gaggawa, kashi 91 da kashi 94 ke da daidaitaccen bugu. Wani kaso na nasarar da ake jingina wa allura, zuciyar ce ta yi abinta.

Magungunan daidaita bugu kuma ba su da sassauci ga zuciya mai rauni. Flecainide da propafenone suna aiki cikin 'yan awoyi, har likitocin Italiya suka nuna a 2004 cewa wanda aka tantance yana iya riƙe ƙwayar a aljihu ya sha a gida. Amma tun 1989 binciken CAST ya gano flecainide na ƙara mace-mace ga waɗanda jijiyar zuciyarsu ta taɓa toshewa. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Marasa lafiyar Holan da Kanada zaɓaɓɓu ne, alhali a Kano da Zariya da Sakkwato rikicewar bugu kan biyo bayan hawan jinin da aka daɗe ba a kula ba, ko ƙofar zuciya da ciwon maƙogwaron yarinta ya lalata, ko ciwon zuciyar masu jego da aka san yankin da shi. Ba wa irin wannan zuciya flecainide ba tare da hoton zuciya na eko ba ganganci ne. Amiodarone, duk da jinkirinsa na awoyi, ya fi aminci a nan.

Za a ce jira yana barin mara lafiya cikin fargaba, kuma wanda ya taso daga ƙauye mai nisa da wuya ya dawo gobe. Wannan ƙorafi gaskiya ne, domin tsarin Holan ya dogara ne kacokan kan dawowar mara lafiya. Amsarsa ita ce a kwantar da shi kwana guda a asibiti. Akwai kuma haɗarin da ya fi fargaba girma: zuciyar da ta daɗe tana karkarwa tana iya tara gudan jini, da zarar ta daidaita kuma tana iya harba shi ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye, ko da magani aka daidaita ta ko da lantarki. Shi ya sa ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta rage iyakar lokacin da za a iya daidaita bugu ba tare da an fara tsinka jini ba daga awa 48 zuwa 24 a 2024. Mutumin da ya ce "jiya ya fara" sau da yawa yana nufin jiya ya tsananta. Inda lokacin farawa bai tabbata ba, a rage gudun, a fara maganin tsinka jini, a ɗage daidaita bugun zuwa bayan mako uku.